Riƙon Yara da Tsarin Kare Su a Ƙasashe Daban-daban

Kusan dukkan ƙasashen duniya sun amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, amma kowace da hanyar da take bi. Amurka, wadda har yau ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, ta fi ba da ƙarfi ga bincike, inda doka ta wajabta wa likitoci da malaman makaranta kai rahoton duk yaron da suke zargin ana cutarwa. Jamus da Suwidin kuwa sun fi karkata ga tallafa wa iyali tun kafin al'amari ya lalace, ko da yake Suwidin ce ta fara haramta dukan yaro ko a cikin gida, a 1979. Najeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, sai dai a zahiri nauyin kula ya fi rataya a wuyan dangi da maƙwabta da masu unguwa.

Inda kowane tsari ya fi rauni shi ne wajen ɗan riƙo, wato yaron da iyayensa suka miƙa wa wani ya raina. Victoria Climbié, yarinya daga Kodebuwa, iyayenta sun damƙa ta ga wata mata daga dangin mahaifinta domin ta yi karatu a Turai, amma ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara 8, jikinta ɗauke da raunuka 128, bayan asibitoci biyu da 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a duk sun san da ita. Binciken da Lord Laming ya jagoranta kan mutuwarta ya gano a 2003 cewa an yi sake da damar ceto ta aƙalla sau 12, abin da ya sa aka yi sabuwar dokar yara a 2004. A Ingila, duk wanda ba makusancin dangi ba da ya riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 16 na kwana 28 ko fiye, dole ne ya sanar da ƙaramar hukuma.

Idan abin da ya sami Victoria ya faru inda ake da ma'aikata da rajista, abin takaici ne yadda wasu iyaye ke tura yarinya aikatau ko riƙo wani gari, su shekara ba su leƙa ta ba saboda kunya da gudun ɓata zumunci. Wannan sakaci ne, ko da wane suna aka kira shi. Wajibi ne iyaye su san gidan da makarantar, su riƙa kai ziyara ba tare da sanarwa ba, su gana da yaron shi kaɗai ba a gaban mariƙinsa ba, su kuma ɗauko shi da zarar sun ga rama ko tabo ko yawan tsoro. Maƙwabcin da ke jin kuka kullum shi ma bai da uzurin yin shiru, ya kai maganar ga mai unguwa ko ofishin jin daɗin jama'a.