Anne Haour: Baturiyar da ta bi sawun fatakenmu har cikin ƙasa

Jama'a, yau ba farashin tumatir ko na shanu zan kawo muku ba. Zancen wata malama ce mai suna Anne Haour, farfesa a Jami'ar East Anglia da ke Ingila, wadda ta kwashe sama da shekara ashirin tana tono tarihin Hausawa da maƙwabtansu daga cikin ƙasa. A ganina aikinta ya shafe mu, mu da ke zaune a Mile 12 da Agege, fiye da kowa.

Ga yadda sana'ar take. Masu ita sukan je kufai su haƙa rami sannu a hankali, suna tsince katangar tukwane, ƙasusuwa, duwatsun wuya da gawayi. Abin da ke can ƙasa ya girmi na sama. Gawayin kuma akan kai shi ɗakin gwaji a auna shekarunsa. Da haka suke sanin yaushe aka zauna a wuri, me aka ci, kuma da wa aka yi ciniki.

Ta fara ne da Kufan Kanawa, wani tsohon gari mai ganuwa a yankin Damagaram, Jamhuriyar Nijar, wanda tsofaffin wurin ke cewa daga nan mutanen Kano suka taso. Da wannan aikin ta samu digirin dakta a Oxford, littafinsa ya fito a 2003. A 2007 ta fitar da wani littafin inda ta jera ƙasashenmu na Sahel da na arewacin Turai tsakanin shekara ta 800 zuwa 1500, tana kwatanta sarakuna, mayaƙa, fatake da malamai na kowane ɓangare. Wato ta ɗora tarihinmu a kan sikeli ɗaya da nasu. A 2010 kuma ita da Benedetta Rossi suka haɗa littafi kan yadda ake zama Bahaushe.

To ga inda abin ya taɓa ni, ni ɗan mai fataucin shanu. A 2013 ta rubuta littafi sukutum a kan baƙi: fatake, maƙera da sauran masu zama a garin da ba nasu ba, da irin sawun da suke bari a ƙasa. Daga 2011 zuwa 2015 ta jagoranci tono a ƙasar Dendi, arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara, yankin da ayarin fataken goro ke ratsawa zuwa Gwanja. A Birnin Lafiya sun tarar da daɓen gidaje da aka yi da katangar tukwane, na mutanen da suka rayu tun kafin shekara ta 1300.

Bayan nan ta bi sawun wuri har tsibiran Maldives da ke tekun Indiya, inda ake samo irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi. Kun dai san kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Ashe abin da ake ƙirgawa a kasuwar Kurmi sai da ya ƙetaro teku.

Tasirinta bai tsaya a littattafai ba. Ta yaye ɗalibai 'yan Afirka, cikinsu har da Abubakar Sule Sani na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, wanda ya yi bincikensa a Kirfi, jihar Bauchi. A 2021 aka zaɓe ta cikin babbar majalisar masana ta Birtaniya.

Darasin da na ɗauka shi ne, zaman zango ba jiya aka fara shi ba, kuma ba abin kunya ba ne. Mai tirelar shanu da ke sauke kaya a Oko-Oba, sana'ar madugun da ya kora jakuna zuwa Gwanja ya gada. Duk wanda ya ce maka baƙo ba shi da tarihi, ga amsa a hannunka.

Sai dai shaidar tana ƙarewa. Kufai da yawa a gida sun koma gonaki da ramukan bulo, wasu kuma 'yan sari na kwashe kayansu. Don Allah in ka je gida ka ji an tono tsohuwar tukunya, kar a fasa, kar a sayar. A bar ta inda take, a sanar da gidan tarihi mafi kusa ko malaman jami'a.