Kiɗan Pink Floyd a Kufan Pompeii

Akwai wani fim da na daɗe ina jin labarinsa a bakin ma'abota kiɗan Turawa kafin Allah ya nufe ni da kallonsa, wato wanda ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila mai suna Pink Floyd ta yi a kufan birnin Pompeii na ƙasar Italiya, kuma tun daga daren da na gan shi har wa yau, duk sa'ad da aka tayar da zancen makaɗi da 'yan kallonsa, sai hankalina ya koma can.

Ga wanda bai san wurin ba, Pompeii birni ne na Rumawan dauri, kusa da Naples, wanda dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne shi da toka a shekara ta 79 Miladiyya, ya zauna a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara 1,600 kafin a shiga tono shi. A gefen birnin akwai dandali mai siffar ƙwai, kewaye da matakalan dutse, wanda aka gina kimanin shekara 70 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, inda mutum wajen 20,000 kan hallara domin su kalli mayaƙa suna zubar da jinin juna. A tsakiyar wannan fili ne, cikin watan Oktoba na 1971, samari huɗu suka girke ganguna da jita da manyan lasifiku, wato David Gilmour da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason, suka yi kiɗa da iyakar ƙarfinsu, alhali babu ko mutum ɗaya zaune a kan matakalan, in ban da ma'aikatan ɗaukar hoto da wasu 'yan yaran gari.

Wannan rashin jama'a da gangan aka yi shi. Mai shirya fim ɗin, Adrian Maben, ya lura cewa finafinan kiɗa na zamanin, musamman na taron Woodstock da aka yi a Amurka a 1969, sun fi ba da ƙarfi ga cincirindon mutane da ihunsu, har kiɗan ya zama kamar ɗan rakiya, don haka ya ƙuduri aniyar yin akasin haka. Ya ba da labari cewa fasfonsa ne ya ɓata yana yawon buɗe ido a Pompeii, da ya koma dandalin da almuru yana cigiya, sai shirun wurin ya kama shi, ya tabbata a nan ya kamata a yi aikin. Da makaɗan suka iso kuwa wutar lantarki ta ƙi wadatar da kayansu, aka yi asarar kwanaki, sai da aka jawo doguwar waya tun daga cikin gari.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne farkon waƙar da suke kira Echoes. Na'urar ɗaukar hoto tana can nesa, makaɗan sun yi ƙanana ƙwarai a tsakiyar fili, sai ta riƙa matsowa sannu a hankali, sautin piyanon Wright yana fita ɗaya bayan ɗaya kamar ɗigar ruwa a cikin rijiya mai zurfi, har sai da na ga yatsun Gilmour a kan tsirkiya da ƙurar da ta hau akwatunan lasifika. A nan na fahimci hikimar Maben, domin tun da babu mai tafi, babu wanda za a yi wa murmushi ko rausaya, makaɗan sun duƙufa ga sana'arsu kamar maƙera a maƙera, kowa na sauraron ɗan'uwansa, ni kuwa da nake zaune a ɗakina na ji tamkar saboda ni kaɗai ake kiɗan. Akwai inda sandar kiɗa ta suɓuce wa Mason yana tsakiyar duka, ya zaro wata nan take ba tare da kiɗan ya karye ba. Akwai kuma inda Waters ya tsaya, rana na bayansa, yana dukan wani ƙaton faifan ƙarfe da dukan jikinsa.

Ba zan ce fim ɗin ya kuɓuta daga aibi ba. Wasu waƙoƙin a birnin Paris aka ɗauke su daga baya, kuma mai lura zai gane bambancin hasken. Wurin da aka sa wata karya tana kuka ana bin ta da kiɗa ma, a ganina, bai dace da girman sauran aikin ba.

An fara nuna shi a 1972, sa'an nan a 1974 aka ƙara masa hotunan makaɗan a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, suna cin abinci suna gardama, suna haɗa faifan The Dark Side of the Moon, wanda ya fito a 1973 ya kai sunansu ko'ina a duniya. Kallon wannan sashe yana sa ni juyayi, domin mai kallo ya san abin da su ba su sani ba tukuna, na ɗaukakar da ke tafe, da saɓanin da ya raba Waters da abokansa a 1985, da rasuwar Wright a 2008.

A 2025 an gyara hotunan, wani masanin sauti mai suna Steven Wilson ya sake tace sautin, aka mai da fim ɗin gidajen silima. Shi kuwa Gilmour ya riga ya koma dandalin a watan Yuli na 2016, yana da shekara 70, ya yi wasa dare biyu a gaban jama'a, ya kuma rera wata waƙa ta tunawa da Wright a filin da suka taɓa tsayawa tare suna samari.