Harajin Giya a Kenya: Daga Shagon Unguwa Zuwa Gonar Dawa

A watan Oktoban 2013 gwamnatin Kenya ta ɗora haraji a kan wata giya mai suna Senator Keg, wadda ta shafe shekara bakwai ba a karɓar mata irin wannan haraji. Kafin shekara ta zagayo, giyar ta ɓace daga dubban ƙananan shaguna a unguwannin talakawan Nairobi da garuruwan karkara. Da aka sassauta harajin a 2015, sai ta sake yin ƙaranci, wannan karon saboda masana'anta ta kasa wadatar da masu nema. Tsakanin ƙarancin farko da na biyu an binne mutane da yawa, an rufe shaguna, manoman dawa kuma sun wayi gari da buhuna jibge a ɗaka babu mai taya su.

Mai karatu Musulmi zai iya cewa to, ina ruwan wani da ƙarancin giya, ai gara ma ta ƙare ƙaf. Hukuncin addini a kanta a fili yake, kuma ɓarnar da take yi wa gidaje ba ta buƙatar shaida. Sai dai abin da ya faru a Kenya ya shafi rayukan mutane da abincin manoma, kuma ya nuna yadda lissafin da aka yi a ofishin baitulmali ke iya sauka a kan wanda ba a yi niyya ba.

Asalin Senator Keg daga makoki ya faro. A 1980, zamanin mulkin Daniel arap Moi, Kenya ta haramta chang'aa, wata barasa mai ƙarfi da ake tacewa a gida daga hatsi da sukari, kwatankwacin ogogoro a kudancin Najeriya. Haramcin bai hana sha ba, ya dai mayar da sana'ar bayan gida da bakin rafi, inda babu mai duba abin da ake zubawa a tukunya. Masu son riba da sauri suka riƙa haɗa ta da metanol, sinadarin da ake amfani da shi a masana'antu, domin ta ƙara kaifi kuma ta yi auki. A watan Nuwamban 2000 irin wannan haɗi, wanda ake sayar da kofinsa shilin 10, ya kashe mutum sama da 100 a Nairobi da kewaye, ya makantar da wasu, ɗaruruwa kuma suka kwanta a asibiti. A 2005 kusan mutum 50 suka sake mutuwa a yankin Machakos.

Illar metanol ita ce ba ya nuna kansa nan take. Mutum zai sha ya bugu kamar yadda ya saba, ya koma gida ya kwanta. Sai bayan sa'o'i 12 zuwa 24 hanta ta gama juya sinadarin zuwa wani asid da ke cinye jijiyar gani, ya kuma gurɓata jini. Abin da bai wuce cokali ɗaya ba yana iya makantarwa, cokali biyu ko uku kuma na iya kisa. Shi ya sa a irin wannan annoba ake kwaso mutane daga unguwa guda a rana guda, duk daga duro ɗaya suka sha.

A cikin wannan hali ne kamfanin East African Breweries, wato EABL, ya fito da Senator Keg a 2004. Dabarar ita ce a cire duk abin da ke sa giya tsada. Babu kwalba, babu tambari, babu firiji. Ana ɗura ta a gangar ƙarfe mai cin lita 50, a kai wa mai shago, shi kuma ya riƙa tatsa da famfon hannu yana cika kofi. Gwamnatin Mwai Kibaki ta yarda da hujjar cewa lebura da ɗan acaɓa ba za su bar chang'aa ba sai an kawo masu abin da aljihunsu zai ɗauka, don haka ta fara yin rangwamen haraji, har a 2006 ta yafe shi gaba ɗaya. Da yawa daga masu sayar da haramtacciyar barasa suka karɓi lasisi suka koma sayar da ta ganga.

Bayan wasu shekaru kamfanin ya juya daga sha'ir zuwa dawa. Sha'ir yana son ƙasa mai sanyi da ruwa, kuma manyan manoma ne ke nomansa. Dawa kuwa tana jure fari, ita ce amfanin da ke tsira a Kitui da Makueni da Tharaka Nithi, inda masara ke ƙonewa a tsaye idan damina ta yi gardama. An raba wa ƙananan manoma irin wata farar dawa da ake kira gadam, aka ƙulla yarjejeniya da su cewa duk abin da suka girbe za a saya a kan farashin da aka yanke tun kafin shuka. Duk wanda ya taɓa noma ya san darajar wannan alkawari. Manomin da ya san mai sayensa da farashinsa tun kafin ya kafa fartanya yana iya cin bashin taki da zuciya ɗaya, ya biya kuɗin makarantar yara a kan lokaci. Dubun-dubatar manoma suka shiga, mata da yawa a cikinsu.

Sabuwar gwamnatin Uhuru Kenyatta ta hau mulki a 2013 da alkawura masu cin kuɗi da sabon tsarin gundumomi 47 da za a ciyar. Ministan kuɗi Henry Rotich ya duba ya ga giyar da ake sayarwa da yawa ba ta biyan harajin da sauran ke biya, sai aka rage rangwamen zuwa rabi. A takarda abin ya yi kyau: a ninka yawan litocin da aka sayar bara da sabon haraji, a samu biliyoyin shilin.

Kuskuren lissafin shi ne ɗauka cewa litocin bana za su kai na bara. Irin wannan haraji a bakin ƙofar masana'anta ake karɓarsa, a kan kowace lita, don haka ya fi nauyi a kan abin da ya fi araha. Shilin 20 a kan kwalbar da ma'aikacin banki ke saya ba komai ba ne, amma a kan kofin lebura ya kusa ninka farashin, kuma abin da ya faru ke nan. Masu sha suka ja baya. Shi kuwa mai shago da kuɗi hannu yake sayen ganga, kuma da zarar an buɗe ta ba ta daɗewa ba ta lalace. Wanda da yake ƙarar da ganga a yini ya koma kwana uku bai ƙarar ba, ragowar ta zama asara. Sai ya daina oda. Dillalan da ke rarrabawa suka rage zirga-zirga zuwa unguwannin da ciniki ya mutu, har wanda yake da kuɗin saye ya zo ya tarar babu. Cinikin Senator Keg ya faɗi da fiye da rabi, dubban shaguna suka rufe, masana'antar Ruaraka da ke Nairobi ta rage kwanakin aiki, harajin da aka tara kuma bai kai ko kusa da abin da aka yi hasashe ba.

A 2014 kamfanin ya sanar da manoman dawa cewa ba zai ci gaba da saye ba, domin rumbunansa cike suke. Nan ne abin ya fi ciwo. Kasuwar farar dawa a Kenya ba ta da faɗi, saboda abincin yawancin gidaje ugali ne, wato tuwon masara. Manomin da ya ware gonarsa ya shuka gadam saboda alkawarin kamfani ba shi da wani babban mai saye na biyu. Bai zauna a majalisar da ta yanke haraji ba, wataƙila ma bai taɓa ɗanɗana giyar ba, amma shi ya sayar da amfaninsa a wulaƙance.

A watan Mayun wannan shekara ta 2014 aka sake shiga makoki. Barasa mai metanol ta kashe mutum sama da 70 cikin 'yan kwanaki a Embu da Kiambu da Makueni da Kitui da Murang'a, wasu da dama suka rasa ganinsu. Kamfanin da 'yan majalisar yankunan dawa suka ce ga sakamakon haraji nan. Adalci dai shi ne a ce maganar tasu tana da gaskiya amma ba ita ce dukkan gaskiyar ba. An yi irin wannan mutuwa a Nairobi a 2010, lokacin da Senator Keg ba ta biyan haraji, kuma a shekarar ne aka kafa dokar da ake kira da sunan ɗan majalisa John Mututho, wadda ta halatta chang'aa bisa sharuɗɗa. Cin hanci tsakanin masu dafa barasa da jami'an da ya kamata su kama su tsohon ciwo ne. Haka kuma yawancin alƙaluman da aka yi ta yaɗawa a lokacin daga kamfanin suka fito, shi kuwa ribarsa yake karewa. Duk da haka, babu mai musun cewa wanda aka kora daga kofin da aka san abin da ke cikinsa bai koma shan shayi ba.

A watan Mayun 2015 Shugaba Kenyatta ya sa hannu a gyaran doka da ya ba da rangwamen kashi 90 cikin 100 ga giyar da aka yi da dawa ko gero ko rogo na cikin gida. Farashi ya sauko. Wata biyu bayan haka, a Yuli, shugaban ya umarci 'yan majalisar yankin tsakiyar ƙasar su jagoranci yaƙi da barasa mai araha da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Aka fasa shaguna, aka malalar da duro-duro a kan titi, aka soke lasisin ɗaruruwan nau'o'i, matakin da babbar kotu ta ce daga baya bai bi ƙa'ida ba. Mashaya suka yi ca a kan Senator Keg, sai ga ƙaranci na biyu. Ana raba ganguna da ƙididdiga, masu shago na jiran mota, wasu kuma na ƙara kuɗi a kan abin da aka yanke.

Dalilin a bayyane yake. Doka tana canzawa da sa hannu guda, amma dawa sai an jira damina. Manoman da aka yi watsi da su sun koma masara da wake, kuma wanda aka saɓa wa alkawari sau ɗaya ba ya saurin amsa kira na biyu. Sai da kamfanin ya sake bin ƙauyuka yana lallashi, sannan a 2017 ya sanar da zuba shilin biliyan 15 domin farfaɗo da masana'antarsa ta Kisumu a yammacin ƙasar, tare da ɗaukar sababbin manoma a gundumomin gaɓar tafkin Victoria.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ƙarin haraji cikin hanyoyin da suka fi tasiri wajen rage shan barasa, kuma hujjojinta masu ƙarfi ne. Amma ita ma hukumar ta ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na barasar da ake sha a duniya ba ta bi ta hannun hukuma, kuma a ƙasashen Afirka da dama kason ya fi haka. A ƙasar da kusan duk abin da ake sha daga masana'anta mai rajista yake fitowa, tsada tana sa a rage. A ƙasar da mai dafa chang'aa yake bayan katanga, tsada tana sauya wa mashayi shago ne kawai, sai fa in gwamnati ta riga ta toshe waccan ƙofa kuma ta tanadi wuraren jinyar waɗanda shaye-shaye ya kama. Kenya ta ƙara harajin kafin ta yi ko ɗaya daga cikin biyun.

Manomin arewacin Najeriya yana da alaƙa da wannan labari fiye da yadda zai zata. Tun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma ga dawa, kuma daga gonakin arewa mafi yawanta ke fitowa. Buhun da aka auna a kasuwar Dawanau ta Kano yana iya ƙarewa a tukunyar tuwo, ko wurin masu abincin kaji, ko a masana'anta, mai gonar bai sani ba. Bambancin shi ne dawa abincin gida ce a ƙasar Hausa, don haka ko kamfani ya janye akwai masu saye. Manomin da ya shiga yarjejeniyar noma wa kamfani guda wani iri na musamman shi ne ke cikin irin haɗarin da mutanen Kitui suka faɗa, kuma ya kamata ƙungiyoyin manoma su riƙa tambayar abin da takardar ta tanada idan mai saye ya fasa.

A Kenya kuwa, an sake rage rangwamen zuwa kashi 80, kuma duk lokacin da baitulmali ya shiga matsi sai batun ƙara ragewa ya taso. Matsalar gurɓatacciyar barasa ma ba ta kau ba. A watan Fabrairun 2024 ta kashe mutum 17 a gundumar Kirinyaga.