Yadda Ɗan Kasuwa Zai Zaɓi Na'urar Rarraba Intanet Da Za Ta Jure Gwajin Tsaro

MINNA: A unguwar Barkin Sale da sauran sassan birnin Minna, masu shagunan buga takardu, masu rajistar jarrabawa, masu otal da masu sayar da magunguna sun dogara ƙwarai kan intanet maras waya. Sai dai yawancinsu idan za su sayi na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta, farashi da ƙarfin sigina kaɗai suke dubawa, alhali ta wannan ƙofa ce bayanan abokan ciniki da na asusun banki suke wucewa.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne irin makullin da na'urar take amfani da shi. Tsarin WEP masana sun karya shi tun shekarar 2001. Tsarin WPA2 ya fito a 2004, kuma a 2017 wani mai bincike a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano masa rauni, lamarin da ya tilasta wa kamfanoni fitar da gyara. A 2018 aka ƙaddamar da WPA3. Saboda haka na'urar da ba ta wuce WEP ba, ko wadda kamfaninta ya daina aiko mata da gyara, arharta tsada ce.

Na biyu shi ne gwaji. Ɗan kasuwa ba zai san ƙarfin katangarsa ba sai ya sa ƙwararre ya gwada ta. Masu wannan sana'a kan yi aiki da manhajoji irin su Kali Linux, wadda ta fito a 2013, da Aircrack-ng. Waɗannan manhajoji suna bukatar na'urar da za ta iya sauraren dukkan saƙonnin da ke yawo a iska, ta kuma iya cusa nata saƙon. Ba sunan kamfani ne ke tabbatar da haka ba, ƙwayar lantarkin da ke ciki ce. Misali, ƙaramar na'urar kama sigina ta TP-Link samfurin TL-WN722N, fitowar farko tana ɗauke da ƙwayar Atheros wadda ke yin wannan aiki kai tsaye, amma fitowa ta biyu da ta uku an sauya ta da ta Realtek, wadda sai an ƙara mata manhaja. Suna ɗaya, kwali kusan iri ɗaya, aiki daban. Don haka wajibi ne a duba lambar fitowa da ke jikin na'ura kafin a biya kuɗi.

Na uku, rautar da za ta karɓi manhajar OpenWrt, wadda ta samo asali a 2004, takan daɗe tana samun gyara ko da kamfaninta ya manta da ita. Masu kula da manhajar sun daina tallafa wa na'urori masu ma'ajin megabait 4 da ƙwaƙwalwar megabait 32, wanda ke nufin a yi hattara da tsofaffin kayan gwanjo.

Ta fuskar doka, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke da ikon amincewa da kayan sadarwa kafin a sayar da su, bisa dokar 2003. Har ila yau, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tarar da za ta iya kai Naira miliyan 5, ko duka biyun, ga wanda ya kutsa cikin kwamfutar wani ba da izini ba da nufin zamba. Ke nan a yi gwaji a kan na'urar mai shago kaɗai, da izininsa a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai karɓar bayanan mutane alhakin tsare su.

Minna ba ta rasa ma'aikata ba, domin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke birnin tana da sashen koyar da tsaron intanet. Kafin a kira ƙwararre, mai shago na iya sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, ya kashe tsarin WPS wanda aka gano rauninsa a 2011, ya kuma ware wa baƙi layinsu daban da na harkar kuɗi. Kuɗin waɗannan matakai bai kai asarar yini guda da kutse kan jawo ba.