Ƙudurin Amurka na bai wa 'yan kasuwa izinin farautar 'yan damfarar intanet: Me ya shafi mazauna Garwa?

A watan Agustan 2025 ɗan majalisar wakilan Amurka daga jihar Arizona, David Schweikert, ya gabatar da ƙudurin da zai bai wa shugaban ƙasa ikon ɗora wa kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane aikin farautar gungun 'yan damfarar intanet a ƙasashen waje, har su kama mutane su ƙwace dukiyarsu.

Daga ina tunanin ya samo asali?

Tsarin mulkin Amurka ya bai wa majalisa ikon ba da takardar izinin kai farmaki ga abokan gaba. A yaƙin 1812 da Ingila, masu jiragen ruwa na kasuwa sun yi amfani da irinta wajen kama jiragen Turawan Ingila. Manyan ƙasashen Turai sun soke wannan al'ada a Paris a 1856, amma Amurka ba ta sa hannu ba.

Masu goyon bayan ƙudurin na kafa hujja da girman ɓarnar. Hukumar FBI ta ce asarar da aka kai mata ƙara a 2024 ta haura dala biliyan 16.

Ina hatsarin yake?

Ɗan damfara ba ya aiki da sunansa. Yakan yi amfani da layin waya da aka yi wa rajista da katin wani, ko kwamfutar da ya yi wa kutse, ko ya ratsa da kuɗin ta asusun Orange Money ko MTN MoMo na wanda bai ji ba bai gani ba. Mai bin sawu daga nesa na iya tsayawa a kan ɗan kasuwar Garwa da ke karɓar kuɗi daga Yola ko Njamena, alhali ɓarawon na wata nahiya.

Wasu masu aikin ma tilasta musu aka yi. A samamen Serengeti da Interpol ta jagoranta a 2024, an kama mutum 1,006 a ƙasashen Afirka 19, ciki har da wani gungu a Kamaru da ake zargi da safarar mutane daga ƙasashe bakwai domin aikin damfara.

Me dokar Kamaru ta ce?

Dokar 21 ga Disamban 2010 ta haramta shiga na'urar wani ba izini, kuma takardar wata ƙasa ba ta ɗage wannan haramci. Binciken laifi aikin jami'an tsaro da kotu ne, tare da taimakon hukumar ANTIC. Kamaru ta kuma shiga yarjejeniyar Budapest, wadda ta tanadi haɗin gwiwa tsakanin gwamnatoci.

Tambayar da ta fi damun talaka ita ce: idan kamfanin waje ya yi kuskure a kansa, wace kotu zai nufa? Kafin a samu amsa, abin da ke hannunsa shi ne kada ya ara wa kowa layinsa, katin shaidarsa ko asusunsa.