Tsoho da ƙishirwa

Ƴan uwa, ku saurara.

In mutum ya tsufa, ba ya jin ƙishirwa da wuri, ko da jikinsa na bukatar ruwa. Shi ya sa tsofaffi ke galabaita lokacin bazara.

Kada ku jira sai kaka ta roƙa. Ku aje tulu kusa da shimfiɗarta. Ku riƙa ba ta ruwa, kunu ko fura, kaɗan-kaɗan, daga safe har dare.

In bakinta ya bushe, fitsarinta ya ragu, ko ta fara ruɗewa, kada ku ce tsufa ne. Ku kai ta gidan likita.

In zawo take yi, ku dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ta riƙa kurɓa har ku isa.