GYARAN MOTAR DAJI DA SHAN MAI
Jawabi ga Direbobi da Masu Motoci

Jama'a da yawa, in sun sayi motar shiga daji irin su Land Rover ko Land Cruiser, sukan kai ta wurin makaniki a yi mata ƙare-ƙare don ta jure wa rairayi da taɓo. Wannan ba laifi ba ne. Amma ya kamata kowa ya sani, kowane ƙari da aka yi wa mota, da mai ake biyansa.

Na farko, manyan tayoyi. Babbar taya mai kaushi ta fi ƙarama nauyi, ta kuma fi ta wuyar juyawa, saboda haka injin sai ya ƙara shan mai kafin ya tura ta. Ban da wannan, takan ruɗa maleji. In aka cire taya mai tsawon inci 30 aka sa mai inci 33, maleji zai nuna kilomita 100, alhali kuwa an yi 110.

Na biyu, iska. Motar da aka ɗaga sama, ko aka jibga wa kaya a kan rufi, tana kokawa da iska ke nan. In direba ya ninka gudunsa sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu.

Na uku, nauyi. Bamba ta ƙarfe, da tanki na biyu, da jarkoki, duk injin ne ke ɗauke da su. Lita 20 ta ruwa kilo 20 ce, ta man gas kuwa wajen kilo 17, ban da nauyin jarkar kanta.

Na huɗu, manta abin da aka yi a rairayi. Daidai ne a rage iskar taya, a kuma sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, don kada mota ta kafe. Amma da an hau kwalta, lalle a mai da iska, a fid da giyar. In ba haka ba, mai ya ƙone a banza, taya kuma ta yi zafi ta lalace.

A gari, hasarar ta kuɗi ce kurum. Amma ga mai keta Tenere daga Agadas zuwa Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500 cikin hamada, ƙarewar mai tana iya zama ƙarewar rai.

Saboda haka bayan kowane gyara sai a sake awo. A cika tanki fal, a yi wa mota lodin da za ta ɗauka, a bi hanyar da aka san tsawonta, sa'an nan a sake cikawa a ga lita nawa ta sha. A tuna rairayi ya fi kwalta cin mai ƙwarai, a yi guzuri da rara. Kada a dogara ga tsohon lissafi, gama motar ba ta jiya ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.